Tsohuwa Ta Haye Teku

Buenos Aires, Janairu 1959

Zuwa ga Inna Bruna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ɗanki Eustachio, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, gwiwar nan kuma ta sassauta miki duk da sanyin Matera. Mu nan ƙalau muke, sai zafi. Masana'antar tayil tana tafiya yadda ake so.

Inna, albishir nake tafe da shi. Graciela za ta yi aure a watan Afrilu. Yaron likita ne, sunansa Horacio Ugarte, danginsa kuma manyan mutane ne a garin nan tun kaka da kakanni. Mu kuwa ki duba ɓangarenmu. Mahaifiyata Cosima ta rasu, matata ta rasu, a duk jikokin Kaka Serafina ke kaɗai kika rage. Ba na so 'yata ta shiga coci ba wata babba tamu a bayanta. Ga tikiti nan a ciki, na jirgin ruwan nan Stella Jonica da ke tashi daga Napoli. A ɓangaren manya na kama miki, ɗaki naki ke kaɗai, da taga mai kallon teku. Mahaifiyata a cikin ramin jirgi ta ƙetaro da ni, ke a sama za ki zo.

Roƙo biyu gare ni. Na farko, ki je Bari a ɗinka miki riguna, ki sayi hula irin ta matan birni, ki bar baƙin mayafin nan a gida. Na biyu, don Allah kada ki ɗauko uwar kwaɓi. Na san halinki, shi ya sa na riga ki. 'Yan kwastan na nan ba sa barin abinci irin wannan ya shigo. Kin kuma san abin da ya sami ta mahaifiyata: a ƙirjinta ta ɗauko ta, zafin tsakiyar teku ya kashe ta, ta yi ta kuka har muka sauka. Nan kowane lungu akwai mai sayar da burodi.

Ɗanki,
Eustachio

Inna, ni ce Graciela. Baba ya ba ni takardar in kai gidan waya, na ga akwai sauran wuri a ƙasa. A hoto kawai na san ki. Kakata Cosima har ta rasu tana cewa amaryar gidanmu ba ta shiga ɗakin miji hannu wofi. Ki kawo mini ita. Ban iya kwaɓi ba, amma zan koya.

Matera, Fabrairu 1959

Stacchio,

Na gaishe ka, na gaida 'yata Graciela, Allah ya sanya albarka a auren. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, ba wadda ta bar wata.

Tikiti ya iso, na gode. Na kai wa Fadan cocinmu ya duba mini ko na gaske ne, ya cire tabarau ya mayar ya ce Bruna, bishop ma ba a wannan ɓangaren yake tafiya ba. Unguwa ta ɗauka. Matar mai aski da ba ta gaishe ni tun mutuwar mijina, jiya sai ga ta da ƙwai a kwando.

Amma kai Stacchio, yaushe ka girma har kake gaya mini abin da zan zuba a akwati? Ni da na goya ka a kafaɗa na raka ku tashar jirgin ƙasa, kana ta zubo mini majina a wuya? Riguna na ɗinka, don kada a ce na kunyata ka. Hula ma na saya, mai gashin tsuntsu a gefe, na sa ta gaban madubi na yi dariya har na zauna. Mayafina kuwa da ni zai tafi.

Maganar Tsohuwa, ka buɗe kunnenka. Kai ka ce uwar kwaɓi, mu a gida Tsohuwa muke ce mata, don ta girmi kowa. Ɗan curin kwaɓi mai tsami ne a tukunyar ƙasa, na sani, amma daga hannun Kaka Serafina ya fito, ita ma uwarta ta ba ta. Da, lokacin muna gidajen dutse, daga ɗaki zuwa ɗaki take yawo: wadda ta yi burodi yau ta cire curi ta miƙa wa ta gobe. Tun da gwamnati ta kwashe mu ta watsa a gidajen bene, kowa ya kama gabansa. 'Yan matan yanzu na kanti suke saye, fari fat, ka matsa shi ya koma kamar auduga. Ni kaɗai na rage ina ba ta gari da ruwa.

Allah bai ba ni 'ya mace ba. Maza biyu gare ni a Torino, matar babban ta ce Tsohuwa wari take, ta ƙaramin ta ce ba ta da lokaci. Ranar da na rufe ido, ba za ta yi mako ba ita ma ta bi ni, shi ke nan an gama da hannun Serafina a duniya. Wannan abin yana hana ni sakat, ban taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ga yarinya ta jininmu ta buɗe baki da kanta ta ce a kawo mata, kai kuma kana ce mini kwastan.

Ta Cosima ta mutu ne don garinta ya ƙare a hanya. Ni babban akwatin nan da ka ce in cika da sutura, buhun garin alkamarmu na dasa a ciki, rigunan na shimfiɗa a kai.

Innarka,
Bruna

A cikin Stella Jonica, za a jefa a gidan waya a Barcelona

Stacchio,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, teku bai juya mini ciki ba ko kaɗan, alhali wani janar mai ritaya da ke teburinmu tun Napoli yake kwance. Tsohuwa ma lafiya, ta cika tukunya tana ƙamshi.

Kai yaro, ashe haka masu kuɗi suke zaune? Wannan ba jirgi ba ne, gari ne aka ɗora a kan ruwa. Akwai coci a ciki, da wurin aski, da kantuna, da tafki na wanka a can sama, wai mutane suna tsakiyar teku amma sai an haƙa musu wani ruwan. Ɗakin cin abinci ya fi babban cocin Matera haske. Ana cin abinci makaɗa suna goge a gefe. An jera mini cokula masu yatsu har na rasa na kamawa, sai na zaɓi wanda ya fi kama da na gidana, na yi komai da shi. Mai kawo abincin ya sunkuyo ya ce, "Signora, wannan na kifi ne." Na ce, "To ka bari in kifin ya yi ƙorafi sai mu canza." Tun daga ranar muka shirya da shi, romo ma sai ya ƙara mini.

Ɗakina kuwa, gado mai laushin da na kasa barci a kai daren farko, ga bahon wanka fari wanda zai ɗauki mutum biyu, ruwan zafi a famfo ba wanda ya hura wuta. Na zauna a bakin gadon na tuna Cosima a can ƙasa da kai a cinya, wallahi sai da na yi hawaye. Na nemi in sauka in gaida mutanenmu, don ina jiyo harshen Basilicata da na Calabria daga ƙasa, aka ce akwai ƙofar ƙarfe tsakani, a kulle take.

Mai gyara mini ɗaki wata 'yar Trieste ce, Nives, fuska a ɗaure kullum amma ba ta da mugunta. Ta ga tukunya a kan teburin madubi ta ce a kai ɗakin sanyi na jirgi. Na ce in ajiye Tsohuwa tsakanin matattun kifi, inda idona ba ya ganinta? Ba da ni ba.

Maƙwabciyata ta ɗakin dama 'yar ƙasarku ce, Señora Etelvina, doguwa, da ɗan kare a hammata. Na gaishe ta, ta amsa da gira. Burodinsu a nan ƙanana ne masu kyan gani, ka ci goma ba ka san ka ci ba.

Ka ce wa Graciela ta yanke farce.

Innarka,
Bruna

Dakar

Stacchio,

Gaisuwa a gurguje, jirgi ba zai daɗe a nan ba. Ni lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Zafi ya sauko mana tun da muka wuce wasu tsibirai a hanya. Tsohuwa da nake ciyarwa sau ɗaya a yini, yanzu safe da yamma take nema, in na yi jinkiri ta faɗa ta fara warin giya. Duk ciyarwa kuma ƙaruwa take. A gida abin da ya ƙaru burodi yake zama, ko a miƙa wa maƙwabta. A nan na je ƙofar madafa na roƙi aron tanda, suka ce fasinja ba ya shiga. Maƙwabtan da za su karɓa kuma suna bayan ƙofar ƙarfe.

Nives ta ce in riƙa cire rabi ina zubarwa ta taga. Ka ji fa. Kwaɓin da na yanka wa gicciye da hannuna in jefa wa kifi? Ni da ko ɓarɓashin burodi ya faɗi ƙasa sai na ɗauka na sumbata? Na cika kwanon wanke fuska. Na cika tulun furanni, da bokitin azurfa da suke sa ƙanƙara, da kwalin hular nan taka. Jiya na fara zubawa a bahon wanka, ni kuma ina wanka da buta a tsaye.

Yanzu ƙamshin ya fita har baranda. Ni ƙamshi nake ji, Señora Etelvina ta ce wari ne, wai karenta ya daina cin abinci. Ta kai ƙara wurin jami'in da ke kula da fasinjoji, Signor Schiaffino, mutumin Genova mai siririn gashin baki. Ya aiko a gaya mini in mun tashi daga nan zai zo da kansa, duk abin da ya samu teku za a ba, har tukunyar.

Ina jin tsoro, Stacchio, ba zan ɓoye maka ba. Amma in suka jefa Tsohuwa a ruwan nan, to su sani ba ita kaɗai za ta tafi ba.

Bruna

Buenos Aires, zuwa ofishin jirgi a Rio de Janeiro

Inna,

Ina gaishe ki, in har wannan takarda ta same ki. Tun da taki ta Dakar ta iso ban ci abincin kirki ba. Na karanta layin ƙarshe ya fi a ƙirga. Mene ne ba ita kaɗai za ta tafi ba? Inna, ki ji tsoron Allah. Saboda curin gari za ki hallaka kanki a teku? Na je ofishin kamfanin jirgi, suka ce ba su da labarin an rasa fasinja, amma an aiko musu cewa akwai wata matsala a ɓangaren manya, ba su san ko ta mece ce ba. Graciela kullum tana coci tana kunna kyandir, tana cewa ita ta jawo.

Ga wani abu kuma da ba ki sani ba. Señora Etelvina da kike faɗa, yayar mahaifin Horacio ce. Daga Paris take dawowa saboda bikin nan. A gidan Ugarte in ta ce a'a, ba mai cewa i. Duk jirgin nan, da ita kika ga ya dace ki yi rigima?

Inna, shekara da shekaru nake fama a garin nan kafin a daina kirana ɗan ci-rani mai warin tafarnuwa. Ba don kaina nake faɗa ba, don yarinyar nan ne, kada a shiga da ita gidan ana yi mata dariya a bayan hannu. Ki bar su su zubar. Ki ba matar nan haƙuri. Ni dai ki iso mini da ranki, ba na neman komai bayan wannan.

Ɗanki cikin damuwa,
Eustachio

Rio de Janeiro

Stacchio, ɗan Cosima,

Na gaishe ka, kuma ka je ka ci abinci. Ina nan da raina, har na yi ƙiba. Ni na ce maka zan faɗa ruwa? Ni da ko rafi ban taɓa shiga ba? Schiaffino nake nufi, shi ne zai bi ta, da gashin bakinsa da komai. Haba, kai ma ka riƙa karatu da hankali.

Bari ka ji yadda aka yi. Washegarin tashinmu daga Dakar, bayan karin kumallo, sai ga shi da ma'aikatan jirgi biyu riƙe da bokitai, Nives a baya, Señora Etelvina kuma a bakin ƙofa ta toshe hanci da hankici. Ya buɗe ƙofar banɗaki. Kafin gari ya waye ashe kwaɓi ya tashi ya haura bakin baho, yana zubowa ƙasa a hankali, gicciyen da na yanka masa ya buɗe ya yi faɗin hannu biyu. Sai ya tsaya, ya ce, "Signora, shekarata ashirin a teku, na ga mai shigo da biri, na ga mai shigo da gawa a akwati, ban taɓa ganin wannan ba. Ku kwashe."

Na gyara mayafina na ce, "Ga ta nan, jirginku ne. Sai dai kun san yadda ake yi. Duk wanda zai zubar da burodi, ya fara sumbatarsa, ya nemi gafara, sannan ya jefa. Wa zai fara?"

Na farkon, wani ƙato ɗan Torre del Greco, ya dubi gicciyen, ya cire hularsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa ni wanke daɓen jirgi har Buenos Aires. Muna tsakiyar ruwa in jefa burodi mai gicciye? Uwata tana da rai, in ta ji ba zan ƙara shiga gidanta ba." Na biyun ya ce shi tun safe bayansa ya riƙe. Schiaffino ya kira su matsorata, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwar hannu ya ɗebo. Na rufe ido. Na jira, ban ji motsi ba. Da na buɗe, sai na gan shi yana auna abin a tafinsa yana kallon bahon, da kwanon, da bokitin azurfa.

Ka san mutanen Genova, ko ɓawon lemo ba sa yarwa. Ya ce, "Wannan duk garin alkama ne tsantsa?" Na ce na Matera, wanda babu irinsa. Ya ce, "Burodi nawa zai yi?" Na ce in aka ba shi garin jirgi ya tayar, kowa a jirgin nan zai ci ya bar saura. Ya sake duban bahon. Can ya ce, "Asara ce, kuma ni ba a haife ni don in yi asara ba. A kira mini Don Carmine."

Don Carmine shi ne shugaban masu gashin burodi, gajere mai tumbi. Ya shigo yana mita, ya tsinci ɗan kwaɓi ya shinshina ya ɗanɗana, sai ya ce, "Wannan ta girme ni." Ya ce zai gasa, dama jibi za mu ƙetare layin da ya raba duniya biyu, ana biki, amma yaransa ba su san irin wannan kwaɓin ba, hannu yake so, hannu da yawa. Na ce hannaye suna bayan ƙofar ƙarfe. Aka kai wa kyaftin magana, ya yi dariya har ya share ido, ya ce a buɗe.

Stacchio, da ka ga matan nan suna hawowa. Na Basilicata, na Calabria, na Puglia, sun fi talatin, sun ɗaure kai sun naɗe hannu. Wata tsohuwa daga Tricarico ta sa hanci a baho ta fashe da kuka, ta ce ta bar tata a hannun maƙwabciya, ta ɗauka ita da wannan ƙamshi sai a lahira. Muka kwashe zuwa madafa da tukwane, muka jeru muna kwaɓi muna waƙa muna zagin mazajenmu. Wata ta ce wa Don Carmine, "Matsa can, tumbinka ya tare mana haske." Ya ce, "Shi ya sa na ƙi aure daga ƙasarku." Ta ce, "Kai ka ƙi, ko aka ƙi ka?"

Ranar biki burodi ya fito manya-manya, ɓawo ja mai ƙara, ciki rawaya. Aka sauka da shi ƙasa a kwanduna, aka hau da shi sama a farantan azurfa. A ɗakin cin abinci na manya kyaftin ya miƙe ya ɗaga kofi ya kira sunana da na Serafina, don na gaya masa. Makaɗa suka buga, mutane suka tafa, janar ɗin nan da ya warke ya sumbaci hannuna. Ni kuwa ina tsaye da baƙin mayafina, ina jin kamar ƙirjina zai fashe don daɗi. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Surukarku ba ta tafa ba. Amma ina kallonta ta gefen ido, ta ci yanka uku, ta naɗe na huɗu a hankici. Da na karanta takardarka yau na je na ƙwanƙwasa mata, na ce ashe mu surukai ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yarinyar ta iya yin irinsa?" Na ce za ta iya. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ba da haƙuri ba.

Matan da suka yi kwaɓi kowacce na cire mata curi ta ƙulle a hankici, haka al'ada take, ba a sallamar hannu wofi. Don Carmine yana karɓar ƙarin kullum yanzu, bahona ya dawo nawa. Tsohuwa tana tukunyarta, ta wuce inda ta Cosima ta tsaya.

Ku zo tashar da wuri.

Innarka,
Bruna

Buenos Aires, Yuni 1959

Inna,

Gaisuwa da fatan kin isa Matera lafiya, gwiwa ba ta tashi ba. Mu nan sanyi ya shigo. Gidan ya yi mini faɗi, ba ke ba Graciela, ba mai yi mini faɗa a kan gishiri.

Duk zamanki a nan akwai abin da na so in faɗa miki, bakina ya ƙi. A takarda ya fi mini sauƙi. Ranar da kuka sauka, ina bayan shingen kwastan ina hango ki. Na ga jami'in ya buɗe tukunyar, ya girgiza kai. Na ga kina magana da hannu biyu, shi kuma yana nuna miki doka a bango. Na ga ya ɗauke ta ya shige da ita ciki. Da kika fito hannu wofi, mayafi ya zame, kina tafiya a hankali, ban taɓa ganin tsufanki ba sai a lokacin. Graciela ta rungume ki, kika ce mata, "'Yata, na kawo ta har bakin ƙofa." Ni da na ce kada ki kawo, sai na ji kamar ni aka ƙwace wa. Na juya zan shiga in yi rigima, kika riƙe mini hannun riga kika ce, "Tsaya nan, sarkin gaggawa, na ƙasan jirgi ba su fito ba tukuna."

Muka tsaya a rana, dangin Ugarte suna cikin mota suna jira. Da aka fara sako fasinjojin ƙasa, ga mazajensu da 'ya'yansu suna kiransu ta ko'ina, amma tsohuwar nan ta Tricarico ta ratsa taro ta nufo mu. Ta sa hannu a ƙirjinta ta ciro hankici, ta tsinka rabin curinta. Graciela ba ta da kwano, ta cire safar hannunta ta yar, ta tara tafi biyu. Wata ta zo, wata ta biyo, daga ƙirji, daga ɗaurin kai, daga zanen jariri. Kowacce ta ɗora nata ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ta wuce wurin mijinta. Kafin a gama kwaɓi yana zubowa ta tsakanin yatsun 'yata, ya ɓata mata rigar da aka ɗinko daga kanti mafi tsada a garin nan, ita kuwa tana dariya tana kuka. Kika juyo kika ce mini, "Ka ga, ko gwamnatinku ba ta da hannun da zai laluba ƙirjin mata talatin." Na ce miki ƙura ce ta shiga idona. Kin san ba ƙura ba ce.

Kin tafi kina fargaba, don duk burodin da Graciela ta yi a gabanki da hannunki a ciki, wanda ta gwada ita kaɗai kuma ya fito kamar tayil ɗin masana'antata. Bayan tafiyarki ma sau biyu ta gwada, bai yi ba, ta yi ta kuka a waya. Yau Asabar, ina shirin fita, sai ga ta a ƙofa ba ko sallama, gashi a hargitse, gari har gira, Horacio a bayanta yana riƙe da ƙofar mota. Ta ɗora mini burodi a hannu cikin tsumma, da zafinsa, ya cika hannuwana biyu. Na karya ɓawon ya yi ƙara. Na ci a tsaye a bakin ƙofa, maƙwabta suna kallo, ban damu ba.

Tana nan zaune kusa da ni, hannunta duk kwaɓi, ba za ta iya riƙe alƙalami ba. Ta ce in rubuta miki da manyan baƙaƙe, don kada ki nemi tabarau:

INNA, TA TASHI. NI KAƊAI NA YI.

Ɗanki,
Stacchio